Gyauro ba ya cika rumbu

Ranar 7 ga watan Oktoba na shekarar 2017, a birnin Koci na ƙasar Indiya, wani matashi ɗan Nijar mai suna Salim Abdourahmane ya jefa ƙwallo a ragar Koriya ta Arewa, aka tashi wasa da ci ɗaya mai ban haushi. Wannan shi ne karo na farko da aka ɗaga tutar ƙasarmu, aka buga takenta, a wata gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa. Kuma tun a wasan farko yaranmu ƴan ƙasa da shekara 17 suka fitar da mu kunya. Daga Tilaberi har Difa, a fadodin samari da ofisoshi da rumfunan kasuwa, babu wanda bai yi murna ba. Mu ma mun yi. Amma shekaru sun shuɗe, kuma lokaci ya yi da za a ajiye ganga a ɗauko littafin lissafi, kamar yadda kowane ɗan kasuwa na ƙwarai ke yi bayan an tashi daga cin kasuwa.

Mu fara da ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Waɗannan yara ba kyauta aka ba su kujerar zuwa Indiya ba. A watan Agusta na 2016 suka fitar da Najeriya, wadda a lokacin ita ce ke riƙe da kofin duniya na wannan aji, kuma sau biyar tana ɗaukarsa: an ci su 1 da 0 a Abuja, suka rama da 3 da 1 a Yamai. A watan Mayu na 2017, a gasar Afirka da aka yi a Gabon, ƙarƙashin mai horarwa Tiemogo Soumaïla, suka kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Gana ba ta samu kansu ba sai a bugun daga kai sai mai tsaron gida. A Indiya, duk da Sipaniya ta ci su 4 da 0, Barazil ta ci su 2 da 0, sun tsallaka zuwa zagaye na biyu, kafin Gana ta sake tare musu hanya da ci 2 da 0 ranar 18 ga Oktoba. Duk wanda ya raina wannan, bai san ƙwallo ba.

To, bayan nan fa? An yi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 a Tanzaniya a 2019, babu mu. An yi a Aljeriya a 2023, babu mu. An yi a Maroko a 2025, babu mu. A ajin ƴan ƙasa da shekara 20, mun buga gasar 2019 ne don a gidanmu aka yi ta, a Yamai da Maraɗi. Muka fita tun a rukuni, kuma har zuwa gasar 2025 ba mu sake leƙa ta ba. Abin da ya fi ciwo shi ne ƙofa ta ƙara faɗi: daga 2025 hukumar FIFA ta mai da kofin duniya na ƴan ƙasa da 17 na kowace shekara, da ƙasashe 48, goma daga cikinsu na Afirka. A gasar farko ta sabon tsarin, a Katar, akwai Mali, akwai Burkina Faso, har da Yuganda. Nijar tana gida tana kallo.

Manomin Damagaram yana da kalma a kan wannan. Gyauro shi ne hatsin da ya tsiro don kansa daga ƙwayar da ta zube bara, ba wanda ya shuka, ba wanda ya yi noma. Idan damina ta yi kyau, gyauro na iya fitar da zangarniya mai ban sha'awa, har mai wucewa ya tsaya ya yaba. Amma ba a taɓa jin magidancin da ya jingina abincin iyalinsa a kan gyauro ba. Ra'ayinmu ke nan a kan nasarar 2017: baiwa ce ta Allah da ta haɗu da himmar wasu ƴan tsirarun mutane, ba amfanin gonar da ƙasa ta share, ta shuka, ta yi wa taki ba. Shi ya sa da ta wuce, ba a ga ta biyu ba.

Wanda ke shakka ya dubi abokan karawar yaranmu. Cikin tawagar Gana ta 2017 akwai Mohammed Kudus, wanda ya fito daga makarantar ƙwallo ta Right to Dream. Daga nan ya tafi Danmak, ya wuce Ajax ta Holan a 2020, ya shiga gasar Ingila a 2023. Cikin tawagar Sipaniya akwai Ferran Torres, wanda ya ɗauki kofin Turai da ƙasarsa a 2024. Victor Osimhen kuwa da idonmu muka gan shi a Yamai a 2015, yana yaro cikin tawagar Najeriya. A 2023 aka naɗa shi gwarzon ɗan wasan Afirka. Waɗannan ba su fi ƴaƴanmu ƙafa biyu ba. Abin da suka fi su shi ne, kafin gasa akwai gidan da ya reno su, bayan gasa kuma akwai tsanin da suka taka.

Za a ce mana waɗancan ƙasashe suna da kuɗi. To, Mali fa? Ƙasar Sahel ce kamarmu, ba ta da teku kamarmu, talauci da fari da rashin tsaro duk ta san su kamar yadda muka san su. Amma a 2015 ƴan Mali suka zo Yamai suka ɗauki kofin Afirka na ƴan ƙasa da 17, suka sake ɗaukarsa a Gabon a 2017, sannan suka dawo Yamai a 2019 suka tafi da na ƴan ƙasa da 20. Sau biyu ke nan muna share fili, muna shimfiɗa tabarma, muna dafa tuwo, baƙo yana tashi da kofi. Sirrinsu ba boyayye ba ne: tun cikin shekarun 1990 Salif Keita ya buɗe cibiyar horar da yara a Bamako, daga baya makarantar Jean-Marc Guillou ta biyo, ƙungiyoyin gari kuma suka ɗauki renon yara a matsayin sana'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Su sun ji, mu mun yi kunnen uwar shegu.

Idan ana son ganin inda gizo ke saƙar, a zo Damagaram. Wannan gari, da Sarki Tanimu ya kewaye da ganuwa a ƙarni na 19, ya mai da shi matattarar ayarin Tarabulus da Kano, shi ne babban birnin Nijar daga 1911 zuwa 1926. A ƙidayar jama'a ta 2012, jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha yawan mutane, sama da miliyan 3 da rabi cikin miliyan 17 na ƙasa baki ɗaya. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, wannan na nufin babu inda ya kai nan tarin yara. Duk la'asar, daga Birni zuwa Zango, daga Sabon Gari zuwa Garin Malam da Kara-Kara, haka a Mirya da Magarya da Matamai da Tanut da Gure, za ka tarar da su cikin ƙura, ba takalmi, sun kafa duwatsu biyu a matsayin raga, suna bin balo har kiran magariba. Ma'adini ne a fili, wanda ba ya bukatar a haƙa rijiya kamar man Agadem. Wa ke zuwa dubansa?

Dattawa sun tuna lokacin da ba haka abin yake ba. A 1983 Jangorzo ta Maraɗi ce ta ɗauki kofin zakarun ƙasa; a 1984 sai Espoir ta Damagaram ta karɓa. Zamani ne da samariyar kowace unguwa ke da ƙungiyarta, makarantu na karawa da juna, kuma ɗan wasa na iya yin suna bai bar garinsu ba. Daga 1985 har zuwa 2024, shekara 40 cur, kofin bai sake fita daga Yamai ba. Tun daga wajajen 2005 kuma, galibi ƙungiyoyin hukumomin gwamnati ne ke musayarsa: ta soja, ta jandarma, ta dakarun tsaron ƙasa, ta ƴan sanda, ta duwan, ta Sonidep, ta Nigelec. Ba mu ga laifinsu ba; suna da kasafi, suna iya biyan ɗan wasa, wani lokaci har su sama masa aiki. Amma sakamakon shi ne ƙwallon ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita sama da miliyan ɗaya ya taƙaita a birni guda. Yaron Damagaram, in yana son a gan shi, sai ya yi tafiyar kilomita kusan 900. Mai dangi a Yamai ya tafi. Marar dangi ya haƙura, ko ya tsallaka Kano, ko ya faɗa hannun dillalan da ke karɓar kuɗin gonar uba da alkawarin Turai, su watsar da yaro a wata tashar mota ta ƙasar waje. Alhali dokar FIFA ta hana sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu ƴan sharuɗɗa ƙalilan. Iyaye da yawa ba su san haka ba.

Ƙarfin samartaka kuwa kamar ruwan kwari yake: in ba a yi masa hanya ba, shi zai yi wa kansa. Mutanen wannan gari ba su bukatar a yi musu bayanin ƙungiyoyin da ake kira «pale». Ƴar garin, Aicha Macky, ta nuna wa duniya su a fim ɗinta na 2021 mai suna Zinder: samari majiya ƙarfi, suna ɗaga ƙarafan da suka harhaɗa da hannunsu, suna kasada da rai wajen fataucin man fetur, don babu wanda ya nuna musu wata ƙofa. Ba mu ce ƙwallo zai warkar da rashin aikin yi ba. Mun ce yaron da ke da mai horarwa da ke jiransa ƙarfe huɗu, da riga mai lamba, da wasa ranar Asabar, yana da abin da zai yi asara in ya ɗauki gora. Kowane kwamishinan ƴan sanda ya san darajar wannan.

Sai maganar fili. Gari yana faɗaɗa, ana yanka filaye ana sayarwa, kuma sau da yawa wurin da aka ware wa jama'a a takardar tsarin unguwa shi ne ke fara ɓacewa. Inda yara ke wasa bana, baɗi sai ka tarar da tubali. Sau biyu Damagaram ta karɓi bikin 18 ga Disamba, a 2006 da kuma 2018, lokacin shirin Zinder Saboua. An gyara tituna, an yi gine-gine, kuma mun gode. Amma gini ba ya horar da kowa. Filin wasan da ake buɗewa ranar zuwan minista, a rufe washegari, ba shi da bambanci da rumbun da aka yi wa ado babu hatsi a ciki.

Akwai kuma wata cuta da ba a son ambatonta, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A 2009, a gasar Afirka ta ƴan ƙasa da 17 da aka yi a Aljeriya, Nijar ta samu gurbin wasan kusa da na ƙarshe, wato ta riga ta samu tikitin kofin duniya. Sai aka kore ta saboda sa ɗan wasan da shekarunsa suka zarce ƙa'ida, aka ba Malawi kujerar. A shekarar ce FIFA ta fara amfani da na'urar MRI mai duba ƙashin wuyan hannu don gane shekaru. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Matsalar tana da saiwa biyu. Ta farko, dubban yara ana haihuwarsu a karkara ba a rubuta su ba, sai ranar shiga lakwal ko ranar jarrabawa a nemo takardar kotu mai cewa «an haife shi wajajen shekara kaza». Ta biyu, akwai manya da ke amfani da wannan duhu da gangan, don su ci kofi yau. Ba Nijar kaɗai ke fama da wannan ba, amma kowa ya san wanda ke biyan kuɗin: yaron gaskiya ɗan shekara 15, wanda aka ture don a sa ƙato mai gemu. Shi ƙaton, bayan shekara huɗu ya ƙare. Shi yaron kuma ya riga ya bar ƙwallo. An yi asara biyu. Ma'aikacin da ya sa hannu a takardar da ya san ƙarya ce, ya sani ba taimako ya yi ba, sata ya yi.

Wani zai ce duk wannan sai ƙasa mai arziki. Amsarmu tana filin kokowa. Tun 1975, da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa, Nijar ta nuna ta iya tsara wasa tun daga tushe. Ana fara zaɓe daga ƙauye, a hau gunduma, a kai jiha. Kowace jiha cikin takwas ta fito da ƴan kokowa goma. Gasar kuma tana zagaya jihohi, ba ta zaune a Yamai. Sarakuna na ciki, gwamnoni na ciki, ƴan kasuwa na zuba kyauta, radiyo na kai labari har rugar da ba ta da lantarki. Shi ya sa ɗan manomi daga ƙauyen da ba ya cikin taswira ke iya zama sarkin kokowar ƙasa, shi ya sa kuma filin kokowar Damagaram ke ɗauke da sunan Langa-Langa. Ba Bature ya koya mana wannan ba, ba kuma bashin Bankin Duniya ya gina shi ba. Abin da muka iya yi wa takobi, me ya hana mu yi wa balo?

Ga ƴan kasuwarmu na Dole da na Zango, bari mu yi magana da harshen da suka fi ji. Renon ɗan wasa fatauci ne mai doka. A ƙa'idar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 da 23. Akwai kuma diyyar horo da ake biya idan ya sa hannu a kwangilarsa ta farko. Ke nan in an sayar da shi sefa miliyar ɗaya, miliyan 50 na masu reno ne. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Paris da ke bin sawun waɗannan kuɗi yana aika su ga masu su. Sai dai sharaɗi guda ne: dole sunan yaron ya kasance a rubuce, da lasisi, a ƙungiyar da hukuma ta sani, shekara bayan shekara. Malamin unguwar da ya yi shekara biyar yana koya wa yaro ƙwallo, yana saya masa ruwa da aljihunsa, in babu takarda ko dala ba zai gani ba. A Senegal, makarantar Génération Foot, da wani ɗan ƙasa ya kafa a 2000, ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar Metz ta Faransa. Ta nan Sadio Mané ya bi. Jikokin waɗanda suka kai fata da gashin jimina har Tarabulus bai kamata a koya musu haƙurin jiran riba ba.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma ba mu ga wanda ya fi ƙarfin ƙasar nan a ciki ba.

Na farko, gasar ƴan ƙasa da 13, da 15, da 17 a kowace jiha, mai jadawali da aka buga tun farkon shekara, wadda ake yi kowane mako tsawon watanni, ba ta kwana goma lokacin babban hutu ba. Zakarun gundumomi su haɗu a jiha, zakarun jihohi su haɗu a gasar ƙasa mai zagayawa kamar kokowa. Daga nan ne mai horar da ƴan wasan ƙasa zai yi zaɓe, ba daga waɗanda aka turo masa da ƴar takarda ba.

Na biyu, kowane yaro ya samu lasisi tun yana ɗan shekara 12, haɗe da takardar haihuwarsa da ta lakwal, a rubuta a kwamfuta inda ba mai iya kankarewa. Wanda aka kama ya sauya shekaru, babban da ya sa shi za a hukunta, ba yaron ba.

Na uku, majalisar birni ta fitar da jerin filayen wasa na unguwanni da na makarantu, ta yi musu takarda, ta kafa musu iyaka, ta liƙa jerin a bainar jama'a. Fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram da masu unguwanni su zama shaidu.

Na huɗu, a horar da malaman wasanni na makarantu da tsofaffin ƴan wasa, a ba su shaida, a yanka musu alawus ko yaya yake. Kuma kada a raba yaro da aji: cikin ɗari, da wuya ɗaya ya ci abinci da ƙwallo, sauran 99 suna bukatar abin da za su koma gare shi.

Na biyar, kuɗi. A shirinta na 2023 zuwa 2026, FIFA ta ware wa kowace hukumar ƙasa har dalar Amurka miliyan 8, wato sama da sefa miliyar 4. Djibrilla Hima Hamidou, wanda ya karɓi ragamar FENIFOOT a 2009, a zamaninsa Mena ta je gasar Afirka a 2012 da 2013, yara suka je Indiya, kuma a watan Maris na 2025 aka zaɓe shi cikin majalisar FIFA. Ba mu hana shi yabonsa ba. Amma girman kujera girman tambaya: nawa ne cikin wannan kuɗi ya tsallake Doso? Nawa ya isa Damagaram, kuma a kan me aka kashe shi? A buga lissafin, jiha jiha, kowa ya gani. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Haka matatar mai ta Soraz, da ke aiki a ƙasar nan tun 2011, da kamfanonin sufuri da na waya da ke cin kasuwar jihar: ɗaukar nauyin gasar yara ta shekara guda bai kai abin da ake kashewa a liyafa ɗaya ba.

Gwamnatoci sun zo sun wuce, na farar hula da na soja, kuma kowace ta iya tarbar ƴan wasa a filin jirgi idan sun yi nasara. Tarba ba ta da wuya. Abin da ke da wuya shi ne aikin da ba a ɗaukarsa a talabijin: sayen balo, share fili, rubuta suna, biyan alƙalin wasa ranar Asabar a Magarya. Ba a fafe gora ranar tafiya; tara yara a sansani mako uku kafin gasa, a ce su je su kare mutuncin ƙasa, zalunci ne a gare su, yaudara ce a gare mu.

Yaron da zai buga wa Nijar kofin duniya nan da shekara biyar an riga an haife shi. Watakila yau da la'asar yana gindin duwatsun Birni, ƙafa ba takalmi, yana gardama da abokansa a kan ko ƙwallo ta shiga ko ba ta shiga ba. Ko dai mu je mu same shi, mu rubuta sunansa, mu ba shi fili da malami, ko kuwa mu ci gaba da zama bakin gona muna jiran gyauro. Abin da mutum ya shuka shi yake girba. Wanda bai shuka ba, kada ya zargi damina.